Alhamis Uku Ban Je Ba

Litinin 3 ga wata, 6:40 na safe

Wannan littafin awo ne, na ƙofofi da tagogi. Na juya shi ta baya ina rubutu, don ba mai buɗe shi sai ni.

Yau Auta ta fara aikin koyo a asibiti. Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a, karatun jinyar masu taɓin hankali. Ita ba ta yarda a faɗi haka, sai dai a ce masu lalurar ƙwaƙwalwa. Na ce mata, "Likita, an shirya?" Ta ce, "Baba, sau nawa zan gaya maka, ni nas ce." Na ce a gidana dai likita ce. Farar riga, agogo maƙale a ƙirji. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, na fara da guduma ɗaya da zarto na aro, yau mutum tara ke aiki a ƙarƙashina, ga 'yata da agogo a ƙirji.

Asibiti huɗu ake tura su. Huɗu. Sai da ta rataya jaka na tambaye ta wanne. Ta ce na bayan tashar jirgin ƙasa, ɓangaren maza, ɗakin waɗanda suka daɗe. Sati takwas.

Na ce madalla. Uwar yara ta ajiye kofin da ke hannunta ta shige ɗaki.

Litinin, 1:15 na rana

Na yanka ƙofa ta gaza da inci biyu. Na ce wa Dogo tef ɗin ne ya lalace. Shekara sha biyar yana min aiki, sai kawai ya ɗauko wani katakon.

Talata 4, 7:30 na safe

Auta na fita uwar yara ta tsaya min a ƙofa.

"Ka gaya mata."

"In gaya mata me?"

"Kada ka raina min hankali, Baban yara. Ƙaninka na can, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha tara yana ɗakin nan da aka tura ta."

Na ce ta rage murya. Ta ce ai ta rage tun shekara goma sha tara.

Abin da yara suka sani shi ne ƙanin nawa, Ƙarami, ya yi tafiya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ni na faɗa musu, kuma ba na janye magana. Auta na da shekara uku a lokacin. Sunan mahaifinmu ne a katinsa, irin sunan da kowace unguwa akwai goma, ita kuwa sunana take ɗauka. Ba yadda za a yi ta gane.

Sai uwar yara ta ce akwai wata takarda. Kafin a tura su, kowa sai ya sa hannu cewa ba shi da ɗan'uwa a kwance a can, don ba a barin ɗalibi ya yi jinyar jininsa. "Ina wanke-wanke ta tambaye ni tana dariya, wai Mama muna da wani a can? Na ce ta tambayi babanta. Ta ɗauka tsokana ce. Ta sa hannu."

To ka gani. Yanzu in na buɗe baki, karatunta zan ɓata. Saboda ita na yi shiru.

Alhamis 6, 2:30 na rana

Kowace Alhamis ƙarfe biyu da rabi nake fita sayen katako. Haka gida suka sani, haka shago suka sani. Ba wanda ya taɓa tambaya me ya sa ake zuwa sayen katako da ayaba da biredi.

Daga uku zuwa huɗu ne lokacin ziyara a asibitin. In karɓi reza a teburin nas, in sa hannu, in yi masa gyaran fuska, in mayar, in sake sa hannu. Ba a barin reza a ɗakin. Shi kuma ba ya yarda kowa ya kusanci fuskarsa sai ni. Ba ma wata hira. Ya ci ayaba biyu, ya tambaye ni ko an sami aiki, in ce an samu.

Na yi tunanin in je ranar da ba ta aiki. Su uku aka tura, sauran biyun ƙawayenta ne, sun sha cin abinci a gidana, ni na yi wa ɗayar teburin karatu. Kullum akwai ɗaya a ciki.

Sati takwas ne kawai. Gemu ba ya kashe mutum.

Alhamis, 4:05 na yamma

Na sa an share shago sau biyu.

Asabar 8, 8:00 na safe

Tana son aikin. Jiya ta zauna a tsakar gida tana ba uwarta labarin yadda ake ƙirga cokula bayan an ci abinci, da yadda ba a tsayawa a bayan mara lafiya, da yadda ake zama da shi ko da ba zai ce uffan ba. Wai zaman shirun ma magani ne, har jarrabawa ake musu a kai. Na ce in haka ne ni na daɗe da digiri. Ta yi dariya. Uwarta ba ta yi ba.

Na tambaye ta, kamar da wasa, su wane ne a ɗakin. Ta sha mur. "Baba, sirrinsu amana ne. Ko suna ba na faɗa."

Tarbiyyata ce. Na ji daɗi, kuma na ji kamar in fasa wani abu.

Talata 11, 6:00 na yamma

Ashe kowane ɗalibi sai ya zaɓi mara lafiya ɗaya ya yi dogon rubutu a kansa, tun daga yadda ciwon ya fara har kulawar da ta dace da shi. Da wannan rubutun ake ba su makin ƙarshe. Ta ce ta zaɓi nata. Ba ta faɗi suna ba. Ta ce wani bawan Allah ne mai shiru, duk ƙofar da zai shiga sai ya ƙwanƙwasa katakonta da ɗan yatsa ya kara kunne.

"Baba, na ga kana yin haka. Me kuke saurare?"

Na ce ko gara ta ci cikinsa.

Mutum talatin da wani abu ne a ɗakin nan. Talatin da wani abu.

Laraba 12, 11:00 na safe

Ni na koya wa Ƙarami ƙwanƙwasa katako. A hannu ya fi ni, wannan zan rubuta tunda ba mai gani. Mutane kan zo su ce wanda ƙanin ya yi suke so.

Alhamis 13, 3:40 na yamma

Ina cikin mota a gefen katangar asibitin. Na aiki Dogo da jakar ayaba da biredin. Na ce wani tsohon ma'aikacina ne ke kwance a ciki, ya kai wa mai gadi a miƙa.

Ya dawo da ita yadda take. "Maigida, sun ce ya leƙa ciki ya tura. Wai ba aike yake jira ba."

Na ce ya raba wa yaran tasha. Ya dube ni ya ce, "Maigida, ni fa na san hanyar kasuwar katako, ba nan ba ce." Na ce ai ban ɗauke shi aikin sanin hanya ba.

Juma'a 14, 9:00 na safe

Na goge teburin matar lauya har na cinye masa gefe. Sai an sake saman.

Lahadi 16, 5:00 na yamma

Na zaga gari da mota ba inda za ni. Sau biyu na tsinci kaina a bayan tashar jirgi. Ba na jin yunwa. Uwar yara ta daina magana, sai dai ta ajiye abinci ta ɗauke abinci.

Ba wanda zai ce na yar da shi. Shekara goma sha tara ban fasa ko sau ɗaya ba, har makon da aka yi min aikin ido, da bandeji na je. Nawa ne a ɗakin nan ba a taɓa zuwa duba su ba? Ni na je. Ni da na fara da guduma ɗaya da zarto na aro. Ko da yake ranar da muka je aron zarton mu biyu ne.

Talata 18, 7:00 na yamma

Ta dawo ta jefar da jaka. Ba ta taɓa yi ba. Uwarta ta ce lafiya? Ta ce ba za ta faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta fito. Ta sake shiga ta sake fitowa.

"Ba suna zan faɗa ba. Mara lafiyata ya rage cin abinci. Akwai wani mai zuwa masa, Mai Alhamis suke ce masa, Sista ta ce tun kafin ta kama aiki a wurin yake zuwa. Sati biyu ke nan shiru. An nemi lambar da ke fayil, tsohuwa ce, ba ta shiga. Ko sunan kirki bai bari ba, wani sa hannu kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Wurin dangantaka kuma wai maigidansa a wurin aiki."

Uwar yara ta juyo ta dube ni. Wannan ko ita ba ta sani ba.

Na ce wataƙila mutumin na da uzuri.

"Wane uzuri, Baba? Ya aiko da ayaba fa! Yana da ƙafar aike, ba shi da ta zuwa. Ka saba wa mutum da abu shekara da shekaru, shi ke nan abin da yake riƙe da shi, sai ka yanke ba ko sallama? Wallahi da bai fara ba ya fi. In na gan shi sai na gaya masa magana, ko za a kore ni."

Na ce ta kama bakinta, ba a zagin manya a gidana. Ta ce, "Yi haƙuri, Baba, ai ba da kai nake ba."

Laraba 19, 6:30 na safe

A lokacin da na kai shi asibiti, ana shirin ba ni aikin kujerun wata babbar makaranta, aikin da ya tsayar da ni da ƙafafuna. Kuma abin da ya faru a shago ranar nan mutane sun fara magana. Malamin da ke cike takarda ya ɗago ya ce, "Wane ne kai a wurinsa?" Akwai mutane a bayana a layi.

Maigidansa a wurin aiki. Abin da ya fito daga bakina ke nan.

Alhamis 20, 3:00 na yamma

Ban je ba.

Alhamis, 3:30 na yamma

Saura sati biyar. Ta riga ta rubuta shafi ashirin da biyu, na ga ni a kan tebur. In aka gane, duk ya tashi a banza, har a ce ta yi ƙarya a takarda. Uba ba ya yi wa 'yarsa haka.

Alhamis, 3:50 na yamma

Na kori mai fenti saboda ya bar gwangwani a buɗe. Na aika a kira shi ya dawo.

Asabar 22, 10:00 na safe

Uwar yara ta ce, "Ka daina ɓuya a bayan yarinyar nan. Kafin ta fara karatun me ya hana ka?" Na ce da wa take. Ta ce da maigidansa a wurin aiki.

Shekara talatin da aure ba ta taɓa gaya min magana irin wannan ba. Na fita ban karya ba.

Litinin 24, 2:00 na rana

Gemunsa da sauri yake fitowa, irin na mahaifinmu. Yanzu zai kai rabin inci. Akwai wani ɗan ƙari a ƙarƙashin haɓarsa ta hagu, in ba a sani ba sai a yanke shi.

Talata 25, 6:45 na yamma

Ba ta jefar da jaka ba yau. Ta zauna a kan dakali kusa da ni, ta cire agogon ƙirjin tana juya shi.

Ta ce sun sa wa mara lafiyan nata ruwa a hannu. In bai ci ba zuwa ƙarshen mako za a sa masa roba ta hanci. Ta ce ran Alhamis da ta wuce, tun kafin uku ya jawo kujera bakin ƙofa, ya yafa tawul a wuya, ya zauna har aka tashi baƙi. Ta ce ta karɓo reza ta zo ta durƙusa ta ce ko ita ta yi masa. Ya girgiza kai.

"Sai ya yi min magana, Baba. Sati uku ina zama da shi bai taɓa haɗa min kalma biyar ba. Ya ce, 'Yarinya, Yaya ya mutu ne?'"

Na ce me kika ce masa.

"Na ce ban sani ba. An hana mu yi musu ƙarya, ko ta lallashi ce."

Ta ce ta san bai kamata ta gaya min ba. Ta ce tana ganin ba ta iya aikin nan ba, da ƙwararriya ce da ya ci. Ta yi kuka. Na dafa kanta. Na ce ta iya.

Laraba 26, 6:00 na safe

Ban yi wani barcin kirki ba.

Laraba, 12:00 na rana

Na sayi ayaba. Na ajiye a mota. Ban ce zan je ba.

Alhamis 27, 6:30 na yamma

Na je.

Mai gadi ya ce, "A'a, Mai Alhamis! Mun ɗauka ka yi ƙaura." Na wuce. Barandar nan mai tsawo ban taɓa sanin tsawonta ba sai yau.

Tana teburin nas, ita da Sista. Ta ɗago ta gan ni ta yi murmushi, ta ɗauka abinci na kawo mata. "Baba, me kake yi a nan?" Sai Sista ta ce, "Ga ɗan halak! Ina ka shige, bawan Allah?" ta jawo aljihun tebur ta fito da reza ta tura min littafi.

Na sa hannu a gabanta. Ta dubi sa hannun. Ta dubi jakar.

Yana bakin ƙofa a kan kujera, da tawul, da ƙarfen da aka rataye ledar ruwan a gefensa. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Yaya, ka makara."

Na ce aiki ne ya yi yawa.

Ya ce, "An sami aiki ke nan."

Na ce an samu.

Na fara gyara masa fuska, sai da na tsaya sau biyu. Ita ce ta riƙe kwanon ruwa, don aikinta ne, ba a barin baƙo da reza shi kaɗai. Ba ta zubar ko ɗigo ba. Da na zo haɓa na kauce wa ƙarin, na ga tana kallon yadda hannuna ya san wurin. Na ce, ban dube ta ba, "Ƙanina ne. Baffanki ne."

Ta gyara riƙon kwanon. Sista ce daga baya ta ce, "Ai mu mun daɗe da sani. Ka taɓa ganin maigida da yaronsa da kunnuwa iri ɗaya?" Sai ta dubi Auta, ta dube ni, dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Wannan 'yarka ce?"

Ya ci ayaba ɗaya da rabi. Auta ta rubuta a takardarsa, ɗaya da rabi, ta sa lokaci. Ta karɓi rezar ta ƙirga ta mayar. Sannan ta cire agogon ƙirjinta ta ce, "Sista, ina son magana da ke a ofis."

Na jira ta a mota har biyar da rabi. Ta fito ta wuce ni ta hau bas.

Juma'a 28, 8:00 na safe

Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo. Ta shige.

Asabar 29, 1:00 na rana

Daga bakin uwarta na ji. Ita da kanta ta kai maganar makaranta. Sista ta rubuta musu cewa yarinyar ba ta sani ba, don haka ba hukunci. Amma an cire ta daga ɗakin, rubutun ya tashi, sai ta sake sati takwas a wani asibitin idan an buɗe zango na gaba. Ba za ta fita tare da 'yan ajinsu ba.

Na sa babbar riga na ce zan je in ga shugabansu, na san yadda ake magana da manya. Ta fito daga ɗaki ta ce, "Baba, don Allah kada ka gyara min komai." Na cire rigar.

Litinin 1 ga sabon wata, 5:20 na yamma

Ma'aikata sun tashi, ina rufe taga, sai ga Auta. Rabonta da shago tun tana firamare. Ta share ƙurar katako a kan benci ta zauna. Ba farar riga.

Ta ce Sista ta kira ta, Ƙarami ya ci abincin rana jiya da yau, an cire ruwan.

Na ce alhamdu lillahi.

Ta ce, "Shafi ashirin da biyu na rubuta, wurin yadda ciwon ya fara na bar shi fari, don ba wanda ya sani. Yanzu ba na makaranta ba ne. Ni nake tambaya."

Na ce magana ce mai tsawo. Ta ce ba inda za ta sai zango na gaba.

Na fara kame-kame, aikin makarantar nan, yadda zamanin yake, abin da mutane ke faɗa. Ba ta katse ni ba, ba ta taimake ni ba. Ta zauna kawai, hannu a cinya, irin zaman da aka koya musu. Ni da na yi ciniki da 'yan kwangila masu taurin kai ban taɓa haɗuwa da abin da ya fi shirun nan ƙarfi ba.

Na gaya mata. Har da ranar nan, har da abin da ni na yi kafin a kai shi. A nan ba zan rubuta ba.

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ta ce sauran yayyenta ni zan gaya musu da bakina, kafin wata ya ƙare. Ta ce zan je ofis in sa a gyara abin da ke fayil. Ta ce yanzu ita baƙuwa ce kamar kowa, tana da damar zuwa, don haka ran Alhamis in jira ta a bakin ƙofar asibiti ƙarfe uku saura kwata, kada in shiga ba ita.

Ni ake jera wa umarni a cikin shagona.

Na ce to.